Ga ƙanwarmu da aka tura filin yara

Ƙanwata, sau biyu na karanta tambayarki. Kin ce kin gama bautar ƙasa, kin samu aiki a gidan talabijin, amma maimakon ɗakin labarai sai aka miƙa miki filin yara, har abokan aiki na tsokanarki da "Anti", kina tambaya ko ki haƙura ko ki nemi sauyi. Wallahi kamar labarina kike bayarwa. Shekara shida na yi a kan wannan kujerar.

Ki riƙe filin. Amma sai kin daure, don ni har yau akwai abin da ke ci min rai.

A Disambar 2020, da aka kwashe ɗaliban Ƙanƙara sama da 300, yaran da ke zuwa situdiyonmu ba su da zance sai wannan. Wata 'yar aji huɗu ta ja gefen mayafina ta ce, "Anti, mu ma za a zo makarantarmu?" Kwana biyu na yi ina fama da rahoton minti uku. Ba bindiga a ciki, ba iyaye suna kuka. Taswira ce kawai, da bayanin masu ƙoƙarin dawo da yaran, da abin da yaro zai yi in tsoro ya hana shi barci. Mai ɗaukar hotonmu, Allah Ya saka masa, ya zauna da ni har bayan isha, ko sisi ba a ƙara masa ba. Saura awa ɗaya a saka, ogan sashenmu ya leƙo ɗakin tacewa, ko rabi bai kalla ba ya ce a cire. Me aka sa a madadinsa? Bikin zagayowar ranar haihuwar ɗan wani attajiri, da kek da balan-balan, don uban ya biya kuɗin fili. Washegari a taron editoci, a gaban kowa, ya ce, "Ke naki tafi da waƙa, ki bar wa 'yan jarida labarai." Aka kwashe da dariya. A banɗaki na ƙarasa kukana, na wanke fuska na koma gaban kyamara ina murmushi. Kuma mutumin nan, da aka sace 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, rubutuna ya ɗauko ya ba wani yaronsa ya karanta a labaran dare, ko sunana ba a ambata ba. Na bar shi da Allah.

Don haka duk abin da kika rubuta ki ajiye kwafi a imel ɗinki, kuma ki nace a sa sunanki a ƙarshen shiri.

Masu yi miki dariya ki tambaye su ko sun san Newsround na BBC, wanda John Craven ya fara gabatarwa a 1972. Shirin yara ne, amma shi ya fara kawo wa masu kallon talabijin a Birtaniya labarin fashewar kumbon Challenger a 1986. A Holan ma tun 1981 yara ke da labaransu. Wanda zai iya bayyana wa ɗan shekara tara dalilin tsadar shinkafa a jimla huɗu, ba abin da zai gagare shi a ɗakin labarai.

In za ki yi hira da yaro ki durƙusa, idonki daidai nasa. Ki roƙi hedimasta ya ɗan ba ku wuri, in ba haka ba hadda za su yi miki. Izinin iyaye a rubuce, ba da baki ba. Yaron da aka ci zarafinsa kuwa, ko uwarsa ta yarda, kada ki nuna fuskarsa.

Kuɗi dai babu, kar in yaudare ki. Hajiyarmu har ta gaji da tambayata yaushe zan fara karanta "labaran manya". Ki koyi tace bidiyo da hannunki, shi ya riƙe ni da na bar wurin. In kin samu dama ki leƙa kwalejin talabijin ta NTA da ke Jos. Kuma ki riƙa yawo da alewa a jaka, amma sai an gama ɗauka za ki raba, don makirfo na kama ƙarar leda.