Tambaya da Amsa: Tsohuwar amfilifayar Baba ta ishe ni da ƙugi

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni dai wata tsohuwar amfilifaya na gada wajen mahaifina, 'yar Japan ce irin mai farar fuska da katako a gefe, tun 1978 ya saye ta. Na haɗa ta da talabijin da dikoda a falo, sauti kam ba a magana, amma akwai wani ƙugi huuum da ba ya ɗaukewa ko na rage murya gaba ɗaya, in na murɗa bolum kuma sai ta yi ƙaras-ƙaras. Na kai wa wani mai gyara, ko buɗe ta bai yi ba ya ce wai tiransifoma ce ta tafi. Uwargida kuma ta ce in ba 'yan gwangwan kowa ya huta. Don Allah meye shawara?

Mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya jiƙan Baba. Uwargida dai a ba ta haƙuri, mai gyaran nan kuma kar ka ba shi ko sisi tukuna, don tiransifomar da ta ƙone ba ta ba da sauti mai daɗi, yawanci ma na'urar ba za ta tashi ba sam.

Fara da gwajin da ba zai ci maka ko kwabo ba. Kashe ta, ka zare duk wayoyin da ke bayanta ka bar na sifika da na wuta kawai, sannan ka kunna ka kasa kunne. In ta yi tsit to laifin ba nata ba ne, sai ka riƙa mayar da wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka kama wadda ke kawo ƙugin, kuma sau da yawa dikoda ce, saboda wayar dish tana da tata hanyar zuwa ƙasa, amfilifaya ma tana da tata, ɗan bambancin da ke tsakaninsu sai ya sa wata 'yar wuta ta biyo wayar nan mai ja da fari ta shiga sifika, tunda wutarmu kuma tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa shi ne kake jin wannan gurnanin mai kauri. Magani, ka jona komai a ekstenshan ɗaya. In bai bari ba ka duba bayan talabijin ko akwai ramin da aka rubuta OPTICAL, akwai ɗan akwatin da ake sayarwa mai juya shi zuwa ja da fari, haske ne ke bin wannan wayar, wuta ba ta da hanyar bi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne karya dogon haƙorin filogi da wasu ke yi, shi ne fa ke kare mutum daga shokin.

Amma gaskiya maganar da ka yi cewa ko ka rage murya yana nan, ita ta sa zargina ya fi karkata kan kafasita. Kusa da tiransifoma akwai wasu manyan gwangwanaye, galibi biyu, su ne kafasita, aikinsu tace wuta ta zama sumul. Akwai ɗan ruwan sinadari a cikinsu da ke bushewa da shekaru, balle da zafin garinmu, ga shi naka sun haura shekara 45. Ƙuginsu ya ɗan fi na farkon siriri, sau 100 a daƙiƙa, kuma yana fita a sifiku biyun ko ba a jona komai ba. In haka ka ji to ka nemi dattijon mai gyaran rediyo, ya sa masu daidai lambar tsofaffin, bol ɗinsu, wato ƙarfin wutar da suke iya ɗauka, kar ya gaza na da. Kar ka buɗe da kanka don Allah, suna riƙe wuta ko an zare filogi.

Ƙaras-ƙaras ɗin kuwa yawanci ƙura ce, hunturu nawa ya wuce a kanta. Dattijon mai gyaran ya fesa mata maganin wanke kayan lantarki a cikin makunnin bolum ɗin, a murɗa shi sama da ƙasa kamar sau talatin, ban da man inji ko man keken ɗinki.

Af, ka tabbata ba a ramin PHONO ka sa talabijin ba, wannan na garmaho ne, yana ninka sauti sosai har ya fashe, AUX ko TAPE ne wurinsa. Kuma ka gwada ta da wutar NEPA, don ƙananan inbata masu araha suna sa irin waɗannan na'urori zizar da ba tasu ba.

In kuwa ka ji ta yi fas da ƙarfi ko ka ji ƙauri, ka kashe nan take ka zare sifikun, kar ka sake kunnawa sai an auna ta da mita.