Digirin kiɗa a Amurka: kuɗin ya kai amfanin?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ƙanenka mai buga jita ya nemi kwalejin kiɗa ta Berklee, ko ya zaɓi wata jami'a mai sauƙin kuɗi. Berklee tana Boston, kuɗin karatu kaɗai ya kai kusan dala 50,000 a shekara, ban da ɗaki da abinci, kuma Boston gari ne mai tsadar haya. Ka ninka wannan sau 4. Bizar ɗalibi ba ta yarda ya yi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, shi ma a cikin makaranta, don haka kar ku sa rai aikin zai rufe gibin.

Abin da ake saye da tsada a can shi ne malami da abokan da za ka yi kiɗa da su har dare a ɗakin atisaye. Takardar kanta ba ta cika samar da aiki ba. A wurin gwaji, hannunsa za a saurara. In koyarwa yake so, takardar tana da muhimmanci, kuma jami'ar jiha kamar North Texas, wadda ta shahara da kiɗan jazz, ta fi sauƙin kuɗi sosai.

Makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta ba su kai 200 ba, kuma kiɗan gargajiyar Turai take koyarwa. Ni dai, da ƙanena ne, sai ya nemi wurare uku ko huɗu, ya jira ya ga tallafin da kowacce za ta bayar kafin a taɓa gonar gado.