Kafin ka mayar da zare hannun hagu

Auta, jiya da ka tare ni a bakin kwata mutane sun yi yawa, shi ya sa na ce ka bari sai mun zauna. Na riƙe maganarka. Shekara uku rabonka da fagen dambe tun da wuyan hannunka na dama ya karye, ka tafi birni kana tuƙin Keke, yanzu kiɗa ya sake taɓa ka kana so ka dawo. Ka ce kuma ba za ka dawo yadda ka tafi ba: hagu kake so ka ɗaure ka zama bahago, sannan ka bar kutsen nan da aka san ka da shi. To, gyara zama.

Tambaya biyu ka haɗa a baki ɗaya. Ta barin kutse na yarda da ita tun kafin ka rufe baki. Ta sauya hannu ce ta hana ni barci, don haka da ita zan fara.

Kai a lissafinka, in zare ya koma hagu dama ta huta. Tashi ka yi mini tsayuwar bahago in gani. Wane hannu ne a gaba? Damar nan da ta karye. Babu tsumma, babu zare, tafi a buɗe, ita za ka miƙa wa mutum. Ita za ta tare naushi, ita za ta ture ƙirjin abokin karonka, ita za ta auna maka nisa, in kun sarƙe ita za ta riƙe wuya. Hannun da aka ɗaure yana iya ƙare turmi guda bai fita ba sai sau uku ko huɗu, amma na gaba ba ya hutawa tun daga sa zare har alƙali ya raba ku. Su kuma 'yan dambe ba makafi ba ne. Duk wanda ya san labarin hannun nan ba fuskarka zai fara nema ba. Wuyan hannun zai yi ta sara da zare har ka janye shi da kanka, kana janyewa kuwa haɓarka ta fito fili. Ka ɗauko mara lafiya daga ɗaka ka ajiye shi bakin ƙofa gadi ke nan.

Ita hagun ma da kake ɗora wa buri, me ka taɓa sa ta? A rumfar nama ka girma. Gobe ɗauki gatari da hagu ka sari ƙashin cinyar sa, ka ga sau nawa za ka sauka wuri ɗaya. Naushin da yake kisa, wato ya kai mutum ƙasa, daga dunduniyar ƙafar baya yake tasowa, ya murɗa ƙugu, ya bi ta kafaɗa. Hannu ɗan aike ne kurum. Tun kana yaro ƙafarka ta dama take koyon wannan murɗawar, ta hagu kuwa aikinta dogarawa. Ka ce yau su yi musayar aiki, ai sai ka koma ka fara rarrafe. Ana iya koya, ban ce ba a iyawa ba, amma ka ƙaddara shekara guda cur ba ka karɓi kuɗin kowa a fage ba.

Ga abin da ya fi ba ni tsoro. Akwai bahagon haihuwa, akwai bahagon dole, kuma ana bambance su ne ranar da aka ba mutum na farko a gindin kunne. Kai ya yi dum, ido ya ga taurari, a nan tunani yake guduwa ya bar jiki da abin da ya sani. Bahagon haihuwa zai ƙara zama kan ƙafarsa. Na dole kuwa, ba tare da ya sani ba, ƙafarsa ta hagu za ta dawo gaba yadda ta saba. Sai ka gan shi tsaye, zare a hannun gaba inda ba shi da ƙarfi, hannun baya tsirara. Ba mashi ba garkuwa. Na ga wannan da idona a wani wasan kaka, yaro mai kyau, ya yi wata shida yana koyon hagu. Turmin farko ya burge kowa. A na biyu aka taɓa shi sau ɗaya, ƙafafunsa suka rikice, kafin ya tuna wacce ce gaba yana ƙasa.

Na san abin da ya ja ka. Ana shakkar bahago, kuma da dalili: ba su da yawa, mutum sai ya yi karo goma bai gamu da ɗaya ba, naushinsu yana zuwa ta gefen da ido bai saba tsaro ba. In bahago ya fuskanci mai dama, ƙafafunsu na gaba gefe ɗaya suke, suna ta karo, wanda ya fitar da tasa ta waje da ta ɗan'uwansa shi ya samu hanya miƙaƙƙiya zuwa haɓa. Sai dai ƙofar nan a buɗe take ga ku biyu. Bahagon gaske ya shekara da shekaru yana cin wannan rigimar ƙafa. Kai baƙo ne a cikinta. Ka ga wani a waya yana zubar da mutane da hagu ka yi sha'awa, alhali kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa, mu kuwa turmi uku kacal ake ba mu.

Saboda haka kafin kowace magana, je asibiti a ɗauki hoton ƙashin nan. Mai ɗori ya yi nasa, Allah ya saka masa, amma shi da yatsa yake gani. In likita ya ce ƙashi ya haɗe daidai, za mu gwada shi a buhun yashi, a hankali, da tsumma mai kauri, sati bayan sati. In ka wayi gari bai kumbura ba, kana iya murɗa wuyan hannun ka ɗauki bokitin ruwa ba tare da ka cije baki ba, dama tana nan, zare ya zauna inda yake. In kuma ya ce ƙashin ya haɗe a karkace, to ba maganar hagu za mu yi ba. Maganar ko za ka sake shiga fage gaba ɗaya za mu yi, ni da kai da mahaifinka, don hannun da za ka ci abinci da shi har tsufa ya fi kowace kyautar babur.

Yanzu ga abin da hutu yake yi wa ɗan dambe, tunda ni ma na ɗanɗana. Kafaɗata ta taɓa gocewa na zauna shekara biyu. Da na tashi dawowa na naushi buhu na ji ƙarar nan tana nan yadda na bar ta, na ce ashe ban rasa komai ba. Nan tarkon yake. Ƙarfi shi ne na ƙarshen tafiya, shi ya sa yake ruɗin mutum. Abin da ya riga ya gudu numfashi ne, sai kuma ido. Za ka hango naushi yana zuwa sarai, ka san abin da ya kamata ka yi, amma kafin saƙo ya isa ƙafa har ya sauka. Nisan da da kake aunawa ko ba ka duba ba, yanzu sai ka kuskure shi da tafin hannu guda. Na shiga fage a wata kasuwar ƙauye, makaɗa suna ta zuga ni da tsohon kirarina, aka fito mini da wani yaro da ban ko san sunansa ba. Na kutsa yadda na saba. Na kai uku duk iska na nausa, numfashi ya ƙare, gwiwa ta yi sanyi. Ɗaya ya ba ni. Da na buɗe ido yashi ne a bakina, makaɗin da yake yi mini kirari har ya juya kalangunsa wajen yaron. Ban ji haushinsa ba, shi ma abincinsa yake nema.

Ko a damben Turawa haka abin yake. Muhammad Ali an hana shi dambe a 1967 don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam, bai dawo ba sai watan Oktoba na 1970, shekara uku da rabi, kusan irin naka. Kafin a dakatar da shi rawa yake yi a kan ƙafa, ba a iya taɓa shi. Da ya dawo ƙafar ba ta kai ta da ba, hannuwansa ma suka riƙa ciwo har ana yi musu allurar kashe zafi. A watan Maris na 1971 Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmi na 15 ya kuma cinye shi da maki. Ali bai tsaya musu da jikinsa ba. A 1974 a Kinshasa, ina yaro lokacin muka ji labarin a rediyo da safe, ya jingina da igiya ya bar George Foreman ya yi ta duka har ya gaji, sannan ya kashe shi a turmi na 8. Kada ka ce za ka kwaikwayi wannan. Su safar hannunsu mai laushi ce, suna da igiyar jingina, in mutum ya faɗi ana ƙirga masa goma ya tashi. Mu zare ne, kuma hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an gama.

Foreman ɗin ne ma ya fi dacewa da kai. Yana saurayi irin ka ne sak, kutse da gaggawar kisa, in bai samu da wuri ba ya huce. Ya bar dambe a 1977, ya yi shekara goma, ya dawo a 1987 da tumbi, mutane suna dariya. Ya daina bin mutum a guje. Ya riƙa takawa sannu, ya rufe fuska da damatsa, ba ya fitar da hannu a banza. Ya kuma fara da ƙananan abokan karo, ɗaya bayan ɗaya, bai ji kunya ba. A watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 45, ya kara da Michael Moorer, bahago ne, Foreman kuma ya girme shi da shekara 19. Moorer yana gaba da maki har turmi na 10, dama ɗaya ta sauka a haɓa, kambun duniya ya koma hannun tsoho. Ka lura, hannun da ya tafi da shi da shi ya dawo. Gaggawa ya ajiye.

Ita nake so ka ajiye. Da kana ɗan shekara ashirin kutse ya yi maka rana don huhunka yana biya maka bashin duk naushin da ka zubar. Yanzu ka koyi dako. Ka zauna kan ƙafar baya, hannun gaba a miƙe yana taɓa nasa yana gaya maka inda yake. Ka bar shi ya fara kaiwa. Duk wanda ya saki zare da ƙarfinsa duka, akwai ɗan lokacin da nauyinsa yake kan ƙafar gaba, hannunsa bai koma gida ba. Nan ne kasuwarka. Taku ɗaya gefe, ba baya ba, ka sauke naka. Wanda yake ja da baya a miƙe bin sa ake yi har cikin 'yan kallo. Kuma ka sa ido kan ƙafa, yaran yanzu suna shuri fiye da na zamaninmu, mai dako da ya manta da ƙafa shi ake sharewa.

Dako ya fi kutse wuya, kada a ruɗe ka. 'Yan kallo za su yi ihu su ce ka tsorata. Makaɗa za su kira sunan kakanka don jininka ya tafasa, aikinsu ke nan. Tsohon halinka zai ce maka shiga. Wanda za ka yi dambe da shi na gaske ke nan a watannin farko.

Damina ta fara sauka, muna da kamar wata biyar kafin kaka. Wata biyun farko ba na so in ga zare a hannunka. Gudu bayan sallar asuba, cikin yashin rafi in ka samu, don zaman Keke ya cinye maka cinya ya ba ka ciki. Ka ƙarfafa wuya, shi yake riƙe kai in an taɓa haɓa. Da yamma tsayuwa da taku kawai, kai da inuwarka, har ƙafa ta daina tambayarka ina za ta. Bayan nan buhu. Bayan buhu sai yaran gidan nan, da tsumma ba zare, su kai maka kai kana kaucewa, ba ka ramawa sai na ce. Za su taɓa ka, za su yi dariya a bayan idonka. Haɗiye.

In wani ya kawo maka ƙwaya ya ce tana kashe zafi tana ƙara zuciya, ka ce na hana. Zafin hannun nan shi ne kaɗai zai gaya mana gaskiya, in ka rufe masa baki sai ka ji ƙarar ƙashi a tsakiyar fage. Maganar laya da tsaga kuwa ka san ra'ayina tun da. Na ga an kashe masu guru har gwiwar hannu.

Fitarka ta farko ba Kano ba ce, ba kuma gidan damben Dei-Dei na Abuja ba. Can kowa da waya a hannu, ka faɗi da la'asar kafin magariba an gama kallonka a Facebook, yaran ɓangarorin dambe na Kudu da Jamus da Guramada duk sun haddace inda kake buɗewa. Ƙauye za mu je, ni zan zaɓa maka abokin karo, kuma in kun yi turmi uku babu kisa ni a wurina ka ci. Sunana kake ɗauke da shi, Autan wane ake kiranka, to ni mai sunan na ce ban ƙi a tashi canjaras sau biyar a jere ba.

Hagun kuma kada ka yar da ita. Kullum in ka gama, ba ta naushi ashirin a buhu da tsayuwar bahago, don jiki ya daidaita, mu kuma ga abin da za ta zama nan da baɗi.

Gobe ka biya asibitin tukuna. Jibi bayan asuba ka same ni a bakin rafi, ka zo da takardar hoton, kuma kada ka karya kumallo da fura.