Ɗana ya karɓi riƙon ɗan kwikwiyo a Faransa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a Faransa, kuma ya sanar da ni cewa ya karɓi riƙon wani ɗan kwikwiyo wanda za a horar ya zama jagoran makaho, ba tare da an biya shi ko dala ɗaya ba. Hankalina bai kwanta ba. Mene ne ainihin wannan aiki, kuma ya dace da Musulmi? Sannan yayana makaho ne, jikansa ke yi masa jagora; za a iya samar masa irin wannan kare a nan? Daga wata uwa a Garwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin aikin da ɗanki ya shiga tsohon aiki ne mai tsari. Makarantar farko ta horar da karnukan jagora an buɗe ta ne a garin Oldenbag na Jamus a 1916, saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amurka ta samu tata a 1929, Ingila ta kafa ƙungiyarta a 1934.

Makarantun sun gano cewa karen da ya tashi a keji ba ya iya zama da mutane, shi ya sa suke miƙa ɗan kwikwiyo ga iyalan sa-kai tun yana da kamar wata biyu, ya zauna wurinsu shekara guda ko fiye da haka kaɗan. Yawanci jinsin Labrado ne, saboda sanyin halinsa. Ba a ɗora wa ɗanki koya masa jagora ba, wannan aikin ƙwararru ne. Abin da ake so daga gare shi shi ne tarbiyya: kare ya san inda zai yi bahaya, ya zo idan an kira shi, kada ya ɗauki abinci a ƙasa, kada ya daka wa baƙo tsalle, ya saba da kasuwa da jirgin ƙasa da ƙarar motoci da kukan yara har ya daina razana. Makaranta ke ɗaukar kuɗin likitan dabbobi, makahon kuma kyauta ake ba shi karen.

Bayan haka ƙwararru za su horar da shi wasu watanni ya riƙa tsayawa a bakin titi da gaban matakala, ya kauce wa rami da reshen da zai bugi kan ubangidansa. Abin da ya fi burge ni shi ne ana koya masa ƙin bin umarni: idan makaho ya ce a tsallaka alhali mota na tafe, karen zai kafe. Amma ba ya karanta fitilar hanya, kuma bai san inda za a je ba. Makahon ne ke saurare, shi ke yanke shawara.

Wahalar riƙon tana zuwa ne ranar rabuwa, kamar dai matar da ta riƙe ɗan 'yar'uwarta har ya yi wayo, sannan aka zo ɗaukarsa. Ki tambayi ɗanki kuma ko karatunsa zai bar shi, domin ba a barin ɗan kwikwiyo shi kaɗai a ɗaki wuni guda.

Game da addini, a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai saboda bin umarnin Manzon Allah (SAW). Hadisi ya hana ajiye kare sai na farauta ko kiwo ko gona, malamai da yawa kuma sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan. A ganina buƙatar makaho ba ta gaza ta mai garke ba. Duk da haka ya keɓe wurin sallarsa, ya kuma nemi fatawar malamin da ya amince da shi.

Batun yayanki kuwa, ba zan ba ki shawarar neman kare ba. A nahiyarmu ƙungiyar da ta yi suna a wannan fanni ita ce ta Afirka ta Kudu, wadda aka kafa a 1953, kuma riƙo ba ya haifar da komai idan babu makarantar da za ta ƙarasa horon ta kuma ci gaba da bibiya. Ga zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, wanda kan haura digiri 40 har kwalta ta ƙona tafin kare. Ga babura a kowace kusurwa. Ga karnukan titi masu yaɗa ciwon haukan kare.

Wanda ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jikan nan, domin duk safiyar da ya riƙe sandar kakansa, aji ya wuce shi. Ki kai yayanki asibiti a duba idon tukuna, saboda yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki mutum ya koma gani. Idan makantar ta tabbata, ki je ofishin kula da jin daɗin jama'a ki nemi inda ake koyar da tafiya da farar sanda. Kafin ya ƙware, manyan gidan su raba kwanakin raka shi masallaci da kasuwa a tsakaninsu, yaron ya koma makaranta.