Amsa ga mai tambaya kan tsara 'yan sandan jami'a

Assalamu alaikum. Malam, ka ce an ɗora maka nauyin sake fasalin sashen tsaro na jami'arku, kana tambaya ko da motocin sintiri da kyamarori za ka fara, ko da ɗaukar ƙarin ma'aikata. Na daɗe ina wannan aiki, kuma shawarata ita ce ka fara da jadawalin aiki.

Raba harabar kashi-kashi: ɗakunan kwanan ɗalibai, ajujuwa da laburare, gidajen malamai, sai unguwannin bakin jami'a inda ɗalibai ke kama haya. Kowane kashi ka ba shi jami'ansa na dindindin, kada ka riƙa juya su duk mako. Wanda ya shekara a wuri ɗaya ya san mai shara, ya san ƙofar da kwaɗonta ya lalace, ya san ɗalibin da ya daina fita lacca. Ɗalibar da wani ke bibiya da wuya ta je ofis ta buɗe wa baƙuwar fuska cikinta, amma za ta tsayar da wadda suke gaisawa kullum. Don haka lallai a samu mata a cikin jami'anka, kuma kowa ya sauko daga mota ya taka da ƙafa.

Jami'a ta bambanta da gari, domin duk shekara wasu na fita, sababbi na shigowa. Amanar da ka gina bana, baɗi sai ka sake ginawa. Makon karɓar sababbin ɗalibai kada jami'i ko ɗaya ya tafi hutu.

Sai batun awo, wanda nan ne na fi ganin ana faɗuwa. In da yawan kame kake auna jami'i, to kame zai yi ta kawo maka, ɗalibai kuwa su ja baya. Ka tambaye shi wace matsala ya kashe. Mun taɓa fama da satar kwamfutoci a laburare, jami'in wurin ya lura lokacin fita cin abinci ake yi. Aka sa akwatunan ajiya masu makulli, aka matsar da teburinsa bakin ƙofa, abin ya lafa.

Za a matsa maka ka rufe wasu rahotanni don kare sunan makaranta. Don Allah kada ka yarda. A Amurka, wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery a ɗakinta aka kashe ta a Jami'ar Lehigh a 1986, wanda ya kashe ta ya bi ta ƙofofin da aka tokare a buɗe. Fafutukar iyayenta ce ta haifar da dokar 1990 da ta wajabta wa jami'o'in da ke karɓar tallafin gwamnatin tarayya fitar da alƙaluman laifuka duk shekara. Ko babu irin wannan doka a inda kake, ka buɗe rajistar laifuka ta kullum da kowa zai iya dubawa.

Kuma ku rubuta yarjejeniya da 'yan sandan gari tun yanzu: wa ke binciken babban laifi, wa ake fara kira da tsakar dare.