Biyar a ɗebe biyu da ɗaya bisa uku: ina kalkuleta ta samo 3.33?

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan kalkuleta mai zana giraf suka tsaya, musamman yadda ake shigar mata da firakshan. Na ware waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Masu tambayar yadda ake sa mata wasanni kuma, ku ƙara haƙuri, ko ku daina jira.

Tambaya: Malam, ina da TI-84 Plus. In na danna 3 ÷ 8 sai ta ba ni 0.375, ni kuwa uku bisa takwas nake so.

Amsa: Danna MATH, zaɓi na farko, wato ►Frac, sai ENTER. In kana son ta riƙa ba ka firakshan tun farko, ka bar maɓallin rabawa. Danna ALPHA sannan Y=, ka ɗauki n/d, ka cika akwatin sama da na ƙasa. Abin da ka shigar a siffar firakshan, a siffar firakshan zai dawo maka, muddin ba ka cusa lamba mai ɗigo a cikin lissafin ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce. An ba mu biyar a ɗebe biyu da ɗaya bisa uku. Na danna 5 − 2 + 1 ÷ 3, ta ba ni 3.333, amma littafi ya ce biyu da biyu bisa uku. Ko kalkuletar tawa jabu ce?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yata, kalkuletarki lafiyarta ƙalau. Abin da kika ce ta yi shi ta yi: ta ɗebe 2 daga 5 ta samu 3, sannan ta ƙara sulusi a kai. Ke kuwa so kike a ɗebe biyun da sulusin duka. Wannan tambayar ba ta taɓa yanke mini ba, kuma kullum na'urar ake ɗora wa laifi, don haka ki gyara zama.

Idan aka rubuta 2⅓ a takarda, akwai alamar tarawa a ɓoye tsakanin 2 da ⅓, ba a rubuta ta ne kawai. Matsalar ita ce, a sauran lissafi duka, in aka jera abu biyu ba alama a tsakaninsu, ninkawa ake nufi. 2X na nufin biyu sau X. Kalkuleta da wannan ƙa'idar take aiki. Shi ya sa wannan lissafin naki guda ɗaya yake da hanyoyin faɗuwa har uku, kuma na ga kowacce a wasiƙun masu karatu. Mai gaggawa yakan danna 5 − 21 ÷ 3 yana zaton na'urar za ta gane inda 2 ya ƙare, sai ta karanta ashirin da ɗaya bisa uku, ta ba shi −2. Mai wayo kaɗan yakan rubuta 5 − 2(1 ÷ 3), sai ta ninka, ta ba shi 4.333. Ke kuma kin tuna da tarawar, kin fi su, amma kin bar ta a sake, aka samu 3.333. Babu ɗaya daga cikin ukun da kalkuleta za ta nuna wa kuskure a fuskarta, domin a wurinta duk lissafi ne ingantacce. Ba dai shi aka tambaye ku ba.

Gyaran mai sauƙi shi ne baka biyu: 5 − (2 + 1 ÷ 3). Wannan yana aiki a kowace kalkuleta mai maɓallin baka, sabuwa ko tsohuwa, har ta cikin waya. Haka in ninkawa ce. Biyu da sulusi sau ɗaya da rabi amsarsa uku da rabi, amma in kika jera 2 + 1 ÷ 3 × 1 + 1 ÷ 2 ba baka, 2.833 za ki gani. Rabawa ta fi su duka cin mutane: uku bisa huɗu a raba da rabi ya kamata ya ba da 3/2, amma 3 ÷ 4 ÷ 1 ÷ 2 daga hagu zuwa dama ake bin sa, ya ƙare a 0.375.

In TI-84 gare ki, kina da hanyar da ta fi wannan. Tun 2010 kamfanin Texas Instruments ya fitar da manhajar da ta zo da tsarin MathPrint, wanda ke rubuta lissafi kamar yadda yake a littafi. Danna 5, danna ɗebewa, sai ALPHA da Y=, ki ɗauki na biyu, Un/d. Akwatuna uku za su fito. Sa 2 a na gefe, kibiya ta kai ki na sama ki sa 1, ki sauka na ƙasa ki sa 3. A nan ne mutane ke tuntuɓe: sai kin danna kibiyar dama kin fito daga akwatin ƙasa kafin ki ci gaba. Ki dubi ɗan alamar nan da ke ƙiftawa. In har yana ƙarƙashin layi, duk abin da kika ƙara a lambar ƙasa zai zauna. Mutum ya so ya rubuta sulusi a tara da 4, ya ƙare da ɗaya bisa bakwai, yana ta rantsuwa daidai ya danna.

Amsar za ta fito 8/3. Ba kuskure ba ne, shi ne biyu da biyu bisa ukun. In kina son siffar littafi, ALPHA, Y=, na uku, ENTER. In kullum haka kike so, shiga MODE ki mayar da n/d zuwa Un/d. Ni dai ban ba ki shawarar hakan ba. 8/3 ya fi daɗin aiki, ba shi da alamar da ta ɓuya, kuma ba ya rikicewa in alamar ragi ta hau kansa. Ki gwada −2⅓ ki gani: −7/3 ne, domin ragin ya shafi biyun da sulusin duka. Wanda ya danna −2 + 1 ÷ 3 zai samu −5/3 ya wuce abinsa da murna. Ɗabi'ata ita ce in juya lambar tun a takarda, biyu sau uku shida, da ɗaya bakwai, bakwai bisa uku, sannan in taɓa na'ura. A ƙarshen aiki kawai nake mayar da ita siffar da malami ke so.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa ba bakan da aka manta ba ne. Kin ɗebe abin da ya fi biyu daga biyar. Ko a mafarki amsar ba za ta kai uku ba. Da kin tsaya daƙiƙa biyar kin yi wannan kintacen, da 3.333 bai kai ga takardarki ba, balle −2 na ɗan'uwanki mai gaggawa. Na'urar da ke zana giraf ta fi shekara talatin a hannun ɗalibai, Casio ta fitar da ta farko a 1985, kuma har yau ba a ƙera wadda za ta ce maka "anya kuwa?" ba. Wannan aikinki ne. Kafin ki danna ENTER, ki faɗa wa kanki tsakanin wace lamba da wace lamba amsar za ta faɗo.

Tambaya: Na danna 0.33 na ce ta mayar firakshan, ta ba ni 33/100 maimakon 1/3. Sannan π da √2 sun ƙi juyawa sam.

Amsa: Malam, 0.33 ai talatin da uku bisa ɗari ne, gaskiya ta faɗa maka. Kai ne ka datse wa sulusi wutsiya sannan kake nemansa da ita. TI-84 tana nuna lambobi 10 a fuska amma 14 take riƙewa a ciki, don haka kada ka kwafi amsa daga fuska ka sake dannawa, yi amfani da Ans, wanda ke riƙe amsar ƙarshe da na'urar ta samo. Su kuwa π da √2 ba su da firakshan ko kaɗan, ba taurin kan na'ura ba ne. 22/7 da aka koya mana kusantawa ce: ita 3.142857, shi kuma π 3.141592. Tun daga lamba ta uku bayan ɗigo suka raba hanya. Haka nan in lambar ƙasa za ta yi tsawo da yawa, ►Frac mai ɗigon za ta dawo maka da ita, ba tare da wani bayani ba.

Tambaya: TI-83 Plus na gada daga yayana. ALPHA da Y= ba sa buɗe komai.

Amsa: Ba za su buɗe ba, ba ta da MathPrint. Amma tana da iPart da fPart a ƙarƙashin MATH, sashen NUM. Ga 17/5, na farko zai ba ka 3, na biyu tare da ►Frac zai ba ka 2/5. Ka haɗa su da kanka. Kada ka ɗauki int a madadin iPart, domin a lambar ragi ƙasa take gangarawa: −7/3 zai zama −3 maimakon −2. Mai TI-84 da shi ma bai ga jerin ba, ya danna 2nd da +, ya shiga About ya duba manhajarsa. In ba ta kai 2.53MP ba, sabuntawa take so.

Tambaya: Casio fx-9750GII ɗina ta nuna 2⌟2⌟3. Ta lalace ne?

Amsa: A'a. Biyu da biyu bisa uku ke nan, a layi ɗaya. Da maɓallin a b/c ake shigar da shi: lamba, maɓalli, lamba, maɓalli, lamba. F↔D yana juya shi zuwa mai ɗigo, SHIFT da F↔D kuma ya mayar da shi 8⌟3.

Tambaya: Na zana X + 1 bisa X − 2, amma giraf ɗina ya tsinke a sifili, na littafi kuma a 2.

Amsa: Ɗana, koma ka karanta amsar da na ba ɗalibar can. X + 1/X − 2 ka rubuta, don haka 1 kaɗai aka raba da X. Rubuta (X + 1)/(X − 2), ko ka kira n/d a cikin Y= ka cika sama da ƙasa.