Hukuncin Aikin Kula da Ma'aikata Tsakanin Namiji da Mace

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da basira. An ba ni aiki a sashen kula da ma'aikata na wani kamfani, inda zan riƙa tantance masu neman aiki, ina duba takardun albashi da na hutu da ƙarin girma, wani lokaci har da ba mai laifi takardar tuhuma. Wasu 'yan'uwana sun ce wannan shugabanci ne a kan maza, bai halatta ga mace ba, wasu kuma sun ce ai aikin na mata ne domin sun fi tausayi. Mene ne hukuncin shari'a?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya ke 'yar'uwa, aikin da kika siffanta halal ne ga namiji kuma halal ne ga mace, matuƙar harkar da kamfanin yake yi halal ce. A fiƙihu ijara ne da wakilci: an ɗauke ki a kan lada sananne domin ki wakilci mai kamfani a wasu lamuran ma'aikatansa, kuma ƙa'idar malamai ita ce wanda ya inganta ya gudanar da wani lamari don kansa, ya inganta a wakilta shi a kansa. Mace kuwa tana saye da sayarwa, tana ɗaukar ma'aikaci da dukiyarta, kamar yadda Nana Khadija (Allah Ya ƙara mata yarda) ta ba Annabi (SAW) dukiyarta ya tafi fatauci Sham kafin annabci.

Ma'aunin cancanta Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Ƙasas, aya ta 26, inda ɗaya daga cikin 'ya'yan dattijon Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda zai ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Mace ce ta lura da baƙon, ta gane halinsa, ta ba da shawarar ɗaukarsa, mahaifinta ya karɓa, Allah kuma Ya hakaito maganarta ba tare da Ya kushe ta ba. Ƙarfin kowane aiki gwargwadon aikin ne. A naki, ƙarfi shi ne sanin dokokin ƙwadago da ƙa'idojin kamfani, iya sauraron ɓangarori biyu kafin yanke magana, da iya cewa a'a ga babba idan ya nemi a danne haƙƙin na ƙasa. Kasancewar mutum namiji ba ta lamunce masa wannan, domin Muslim ya ruwaito cewa Abu Zarri, da girman matsayinsa, ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi muƙami, sai Annabi ya ce masa shi Abu Zarri mai rauni ne, muƙami kuwa amana ne, kuma wulaƙanci ne da nadama ranar alƙiyama sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke abin da ke kansa.

Hujjar masu hanawa ita ce hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari, cewa mutanen da suka jiɓinta lamarinsu ga mace ba za su rabauta ba. Hadisin ingantacce ne, kuma Annabi (SAW) ya faɗe shi ne lokacin da labari ya iso masa cewa Farisawa sun naɗa 'yar sarkinsu Kisra a kan mulki. Malamai sun kafa hujja da shi a kan shugabancin al'umma baki ɗaya, jumhuru, wato mafi yawan malamai, suka haɗa da alƙalanci, Imamu Abu Hanifa ya halatta wa mace alƙalanci a abin da ba haddi ko ƙisasi ba, an kuma jingina wa Ibnu Jarir Aɗ-Ɗabari halattawa ba tare da ƙaidi ba. Akwai malaman da suka faɗaɗa hadisin zuwa duk wani shugabanci a kan maza, ra'ayinsu abin girmamawa ne, amma abin da ya rinjaya a wurina shi ne jami'ar kula da ma'aikata ba ta shiga ciki ba, ko da ita ce shugabar sashen, domin tana aiwatar da rubutattun ƙa'idojin da ba ita ta kafa ba, akwai na sama da ita masu duba abin da ta zartar, wanda bai gamsu ba kuma yana da inda zai kai kuka.

Maganar cewa aikin na mata ne saboda tausayi ita ma ba hujja ba ce. Ana samun namiji mai taushin zuciya, ana samun mace mai tsanani, kuma wanda yake zaune a gabanki shi za ki auna. Hana ƙwararriya aiki don kawai mace ce, ko hana ƙwararre don kawai namiji ne, alhali babu wani dalili na shari'a ko na yanayin aikin, yana cikin danƙa al'amari ga wanda bai cancanta ba, abin da Annabi (SAW) ya kira tozarta amana a hadisin Bukhari.

Inda jinsi yake da tasiri na gaske shi ne wasu keɓantattun lamura. Ma'aikaciyar da wani ya ci zarafinta, ko wadda ta yi ɓari, ko mai neman hutun takaba na wata 4 da kwana 10, sau da yawa kunya kan hana ta buɗe baki a gaban namiji, sai ta haɗiye damuwarta haƙƙinta ya salwanta. Haka namiji yake da abin da ba zai iya faɗa wa mace ba. Saboda haka ina ganin ya kamata kowane sashe irin wannan, idan da hali, ya ƙunshi maza da mata, kuma zamanki a wurin na iya zama sutura ga mata da yawa.

Sharuɗɗan kuwa akasarinsu suna kan namiji kamar yadda suke kanki. Annabi (SAW) ya hana namiji keɓewa da mace sai da muharraminta, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibnu Abbas, aikin nan kuma yana da yawan ganawar sirri, don haka a zauna a ofishin da ake hangen cikinsa, ko a bar ƙofa a buɗe, ko a sa mutum na uku. Ki kiyaye suturarki, ki yi magana ta kamala ba tare da lanƙwasa murya ba, umarnin runtse ido a Suratun Nur kuwa da maza aka fara shi a aya ta 30. Idan kina da aure, ki nemi yardar maigidanki, kada kuma aikin ya tauye haƙƙin gida.

Abin da na fi ji miki tsoro shi ne nauyin amanar. Fayil ɗin da ke kan teburinki yana ɗauke da albashin mutum, da rashin lafiyar da ya ɓoye wa abokan aikinsa, da bashin da ake cire masa duk wata, kuma fitar da ɗaya daga ciki a wurin hira ha'inci ne. Kada ki sa ɗan'uwa gaba da wanda ya fi shi cancanta, kada ki karɓi kyauta daga mai neman aiki, kada ki bar takardar albashin mai shara ta kwana a aljihun tebur saboda ba shi da mai tsaya masa, domin a hadisi ƙudusi na Bukhari Allah Ya ce Shi ne abokin husumar wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya ci moriyar aikinsa cikakke, sannan ya hana shi ladansa. Idan kin san za ki iya tsayawa a kan wannan, to ki karɓi aikin, Allah Ya yi miki jagora.

Wallahu a'alam.